Saƙon Kawunka da Ban Ji Ƙarshensa Ba

Takur, Dutse.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa ka sauka Legas lafiya, ya tsare ka daga sharrin hanya da na masauki, ya haɗa ka da mutanen kirki a wurin aiki da unguwar da za ka zauna. Na sa wannan takarda cikin dardumar sallarka, don na san ita za ka fara warwarewa in ka isa. Kada ka yi mamaki da na ɗauki biro alhali kullum muna tare da waya a hannu. Kai ɗan fari ne, akwai maganar da bakina ba zai iya yi a gabanka ba. Kuma ba na so ta shige cikin tulin saƙonnin wayarka, ka karanta rabi a cikin mota ka ce sai anjima.

Tun ranar da ka zaunar da ni a tsakar gida kana yi mini bayanin aikin da aka ɗauke ka, hankalina bai kwanta ba. Ka ce ku ne masu tsara fuskar manhajojin waya: inda za a sa wurin dannawa, launin da za a ba shi, abin da mutum zai fara gani in ya buɗe. Na yi dariya na ce, “Yanzu duk karatun nan a kan launi da ɗan ɗigo ya ƙare?” Ka ce, “Umma, ai ɗan ɗigon ne ke juya mutane.” Kai da wasa ka faɗa, ni kuwa gabana ne ya faɗi. Kana jami'a lokacin da kakarka Dada ta kwanta, abin da ka sani kawai shi ne ɓarin jikinta ya shanye, aka kawo ta gidanmu, daga baya Allah ya karɓi abinsa. Akwai sauran labari, kuma tunda wannan sana'a ka zaɓa, ya kamata ka san shi.

Ni na saya wa Kawunka Sale babbar waya. Ka san shi ne yayana, shi ya zauna a rugarmu ta bayan Garki da shanu da Dada, mu muka watse birni. Ƙanwata Hajara, Yafendonka ta Kano, ita ta buɗe mana zauren dangi a waya, wanda ku kuke kira guruf, ta zuba kowa a ciki, na kusa da na nesa. Ta zauna ta koya wa Hamma, kamar yadda nake kiran Kawunka, yadda zai danna ya yi magana ya saki, tunda ba ya karatun boko. Mun ji daɗin abin ƙwarai. Da safe sai ka ji muryar Dada tana sa mana albarka, ga kukan maruƙa a bayanta. Wata rana a turo hotonta tana gyaran ƙwarya, kowa ya yi ta yabo.

Kafin wayar nan, da wuya wata ya ƙare ban je ruga ba. Bayan ta zo, in na yi niyyar tafiya sai in ce ai jiya na ji muryarta, lafiya lau take, bari sai an yi hutun makaranta. Hutu ya zo, wani abu ya taso. Babu ranar da na zauna na yanke shawarar rage zuwa wurin uwata, abin a hankali ya zame. Da na je wata ƙaramar Salla, Dada ta ɗauki wayar Hamma ta jujjuya ta, ta ce, “Rabi, wannan abin naku yana kawo murya, amma ban taɓa ganin ya zauna ya sha fura ba.” Muka yi dariya, na ɗauka ba'a ce irin tata.

Abba, ga shi kai ma ka yi nisa. Za ka ji muryata duk sanda ka so, ka ga hoton ƙannenka, zuciyarka ta ce maka ai kana tare da mu. Kada ka yarda da ita gaba ɗaya. Ta waya ba za ka ga cewa mahaifinka ya fara dafa bango in zai miƙe ba, don babu mai ɗaukar hoton wannan ya tura. Duk hutun da ka samu, ka raba shi ka zo gida.

Ka san yadda Kawunka yake magana. Ba ya fara zance da abin da ya kawo shi. Sai ya gaishe ka, ya tambayi maigida, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi makaranta da maƙwabta, ya ba ka labarin ruwan sama da saniyar da ta haihu, sannan in ya ga ya cika haƙƙin gaisuwa ya ce, “To, dama…” Haka aka tarbiyyantar da mu, fara magana da buƙata rashin kunya ne. Haka kuma yake yi a saƙon murya. Saƙonsa ɗaya sai ka dafa shayi ka sha bai ƙare ba.

Ni kuwa ina koyarwa, ga gida. Da farko nakan saurara duka. Sai wata malama a ofishinmu ta nuna mini wani ɗan wuri a gefen saƙon, in ka danna sai muryar ta riƙa gudu. Muka gwada da saƙon Hamma, muryarsa mai nauyi ta koma kamar ta ɗan tsako, muka yi ta dariya. Daga nan na saba. Daga baya ma gudun bai ishe ni ba. Sai in buɗe, in ji “Salamu alaikum Rabi, ya gida, ya maigida,” in ji muryar lafiya lau, in rufe in ce zan ƙarasa in na samu sarari. Abin da ban kula da shi ba, da zarar na buɗe saƙon, ko da kalma biyu na ji, wata 'yar alama a wayar Hamma sai ta koma shuɗiya. Hajara kuwa ta koya masa cewa in ta yi shuɗi, an ji.

A tsakiyar daminar shekarar da Dada ta kwanta, muna cikin jarrabawar ƙarshen zango, saƙonninsa suka riƙa shigowa fiye da yadda ya saba. Na buɗe kowanne, na ji gaisuwa, na rufe. A zauren dangi ma ya yi magana, wata 'yar'uwarmu ta rubuta a ƙasa cewa Dada ba ta jin daɗi, a sa ta a addu'a. Nan da nan aka cika wurin da hoton hannuwa biyu a ɗage da “Allah ya ba ta lafiya.” Ni ma na danna nawa, ina tsaye a bakin aji. Kafin azahar hotunan wani biki sun binne maganar. Na ɗauka zazzaɓin damina ne. Na kuma ɗauka in da abin ya yi tsanani, cikin mutanen nan masu yawa wani zai kira ni. Daga baya na gane kowa haka ya ɗauka.

Ina cikin aji wata safiya wayata ta yi ƙara. Hamma ne, shi da ba ya kira, don a ruga sai ya hau tudu yake samun sabis. Babu gaisuwa, babu komai. Ya ce, “Rabi, Dada ta faɗi. Ba ta magana.”

Mahaifinka ya nemo mota. Ruwa ya cinye hanyar ruga, sai a amalanke aka fito da ita bakin titi. A asibiti nan Dutse likita ya tambayi yaushe abin ya fara. Hamma ya ce ya kwana biyu, hannunta na dama yana yi mata nauyi, ludayi yana faɗuwa, wata safiya bakinta ya karkace sannan ya dawo daidai. Ya kai ta ƙaramin asibitin ƙauye a kan babur, suka ce hawan jini ne, a hanzarta kai ta Dutse.

Likita ya ce, “To Baba, me ya hana ku kawo ta tun lokacin?”

Hamma bai dube shi ba, ni ya duba. Ya ce, “Na gaya wa ƙanwata.”

Na ce, “Ni? Yaushe, Hamma?”

Ya laluba aljihu ya fito da wayar, ya miƙo mini da hannu biyu. Ya ce, “Ga su nan. Duk sun yi shuɗi. Na ce ko wani uzuri ne ya riƙe ki, kina tafe.”

Na fita baranda na kunna su ɗaya bayan ɗaya, har ƙarshe. Ga gaisuwar, ga labarin ruwa, sannan: “To, dama Dada ce. An ce a kai ta Dutse, ga hanya ta lalace, ko za ki yi wa maigidanki magana a samo mota. Kuma ta ce a ce miki ki zo, tana da magana da ke.” A na gaba ya sake faɗa, a hankali, kamar mai jin nauyin maimaitawa. A na ƙarshe bai ma roƙi komai ba, cewa ya yi, “Na ga kin ji. Allah ya kawo ki lafiya.” Na zauna a ƙasa mutane suna ratsa ni.

Laifina ne, ban ɗora wa kowa ba. Amma ka duba ka gani, ɗana. Wanda ya tsara alamar nan bai san Hamma ba, bai san akwai mutanen da ke ajiye muhimmiyar magana a ƙarshe ba. Wataƙila wani saurayi ne kamarka a wani ofis mai sanyi, ya ga shuɗi ya yi kyau a wurin. Alamar ta ce an ji, alhali abin da ta sani kawai shi ne an buɗe. Da ba ta ce komai ba, da Hamma ya hau tudu ya kira ni tun ranar farko. Ina roƙonka, duk abin da za ka tsara, kada ka sa shi ya faɗi abin da bai tabbatar ba. Mutane irin Kawunka suna gaskata waya kamar yadda suke gaskata mutumin da ya dube su ya ce na ji. Kai kuma a karan kanka, in babba ya yi maka magana, ka tsaya har ya dire. In ba ka da lokaci, kada ka buɗe.

Da a nan abin ya tsaya, da sauƙi. Dada tana kwance a asibiti, zauren dangi ya kama wuta. Masu hoton hannuwa jiya su ne masu tambaya yau: ya aka yi aka bar tsohuwa har ta kai haka, ina 'ya'yanta suke. Hajara ta rubuto daga Kano, “Adda Rabi, ke ce kusa, me ya faru?” Ba da mugun nufi ta tambaya ba, amma a gaban kowa ta tambaya. Ina ganin sunayen mutane suna bayyana a sama, wai wane yana rubutu, wance tana rubutu, kamar ana taruwa a ƙofar gidana. Kunya ta rufe ni, kunyar ta juye ta zama fushi. Na rubuta cewa mutum yana zaune da tsohuwa yana kallon bakinta yana karkacewa, ya tsaya ba da labarin shanu, shanun sun fi masa uwarsa. Na danna, ya tafi. Ko numfashi ban ja ba tsakanin rubutawa da turawa.

Da baki ba zan iya faɗa wa Hamma haka ba, ko kusa. Tunda nake ban taɓa ɗaga masa murya ba. Shi ya riƙa kai ni makaranta a kan keke bayan rasuwar mahaifinmu, lokacin da dangi ke cewa a bar ni in yi tallar nono. Amma allon waya ba shi da ido, ba shi da furfura. Kuma ina jin a can ƙasan raina na san ba zai iya karantawa ba, shi ya sa hannuna ya yi sauƙi.

A ranar Hamma ya koma ruga duba dabbobi, ya tsaya a kasuwar Garki wurin mai cajin waya. Ya ga rubutu da hotona a gefe, ya ɗauka labarin jikin Dada ne. Ya ce wa mai cajin ya karanta masa. Mutumin ya karanta da ƙarfi, a gaban masu jiran wayoyinsu, wasunsu abokan kiwon Hamma ne tun suna yara. Sai da ya kai ƙarshe ya gane abin da ya karanta.

Ni kuwa bayan la'asar hankalina ya dawo, na goge saƙon. Wurin ya rage da ɗan rubutu wai an goge wannan saƙo, kamar tabo a bango. Ban san ya riga ya isa ba. Can sai ga layi ɗaya a zauren: Hamma ya fita. Haka kawai, kamar wanda ya tashi shan ruwa.

Abba, za ka yi aiki da mutanen da yawancin maganarku a rubuce za ta kasance. Wani zai taɓa ka a gaban jama'a, ka ji yatsunka suna ƙaiƙayi. Ka ajiye wayar ka je ka yi alwala. Abin da ba za ka iya faɗa wa mutum kana kallon fuskarsa ba, kada ka rubuta masa. Kuma ba ka san bakin da zai karanta masa ba, ko a gaban wa. In kuma an ba ka tsara wurin turawa, ban san yadda ake yi ba, ku kuka sani, amma ka tuna da mace mai jin kunya da fushi a barandar asibiti. Komai an yi shi don sauri. Ni a ranar, da wani abu ya ɗan tsayar da ni, ko tambaya ɗaya ce, da na gode masa har in mutu.

Sauran ka gani da idonka da ka zo hutu. Aka sallamo Dada ta zauna a ɗakina. Ba ta ƙara magana ba. Takan kama hannuna da hannunta mai lafiya ta matse, bakinta yana motsi, sauti yana fita amma ba kalma. Nakan ce, “Dada, ina ji, faɗa mini.” Sai ta gaji ta saki, ta juya fuska bango. Na yi ta zato: ko wasiyya ce, ko wani abu ne game da mahaifinmu, ko kawai so take ta gan ni ta sa sunan magana don in zo. Na tambayi Hajara, ba ta sani ba. Hamma yana zuwa duba ta, ya gaisa da mahaifinka a zaure, ya shiga wurinta, ya fita. In na gaishe shi yana amsawa, bai taɓa ƙin amsawa ba, amma iyakarta ke nan. Bayan an gama girbi Allah ya ɗauke ta. Har yau ban san maganar ba, kuma ba zan sani ba.

Da aka share makoki na shirya na tafi ruga ni kaɗai. Na same shi a bakin rijiya yana shayar da shanu. Na durƙusa a cikin taɓo na ce, “Hamma, na zo neman gafara.”

Ya ci gaba da jan guga har kwami ya cika. Sannan ya ce, “Tashi, Rabi, zaninki zai ɓaci.”

Na ce ba zan tashi ba sai ya yafe mini.

Ya ce, “Rashin zuwanki ban riƙe shi ba, kwananta ne ya ƙare. Maganar ce. Da a bakinki na ji ta, da na ji kuka a cikin muryarki, na ce zafi ne. Amma a bakin wani na ji, yana karantawa a tsanake kamar mai labarai a rediyo. Sai ta zama kamar gaskiya.” Sannan ya ce, “Na yafe. Mu je ki sha nono.”

Ya yafe, na kuma yarda ya yafe. Yana zuwa gidanmu, kai ma ka ga yadda yake ji da kai. Amma bai koma zauren dangi ba, kuma saƙonsa ya canja. Yanzu in ya turo, “Salamu alaikum, muna lafiya,” shi ke nan. Babu maigida, babu yara, babu saniyar da ta haihu. Ya koyi irin maganarmu ta birni, kuma ni na koya masa.

Shi ya sa nake tsoro. Ina tsoron hanya, ina tsoron garin da ban sani ba, ina tsoron ka yi zazzaɓi a ɗaki kai kaɗai ka turo mini hoton murmushi. Ina tsoron ka dawo daga aiki ka kwanta da waya a fuska har ka manta sunan maƙwabcinka. Ka nemi masallacin unguwa tun ranar farko, ka san mutum ko biyu da za su buga maka ƙofa in ba su gan ka ba. Ina kuma tsoron ranar da manyanka za su ce ka tsara abu yadda mutane za su kasa ajiye shi, ka ga hakan shi ne ƙwarewa. Ban san yadda za ka yi ba in ranar ta zo, aikinka ne abincinka. Amma ka tuna masu danna abin nan ba 'yan ofishinku ba ne kaɗai. Akwai mai kiwo a kan tudu yana neman sabis, akwai wanda sai an karanta masa.

Ni ma ban warke ba, kada ka ɗauka mai wa'azin ta tsira. Na san daga yau zan riƙa leƙa sunanka in ga yaushe rabonka da buɗe waya, in na ga shiru in fara saƙe-saƙe. Mahaifinka ya riga ya yi mini faɗa a kai. Ka taimake ni: ranar Juma'a in an sauko, ka kira ni da murya. In ba ka da lafiya ka faɗa tun a farkon magana, na yafe maka gaisuwar.

Abu ɗaya ya rage. Shekaranjiya na sanar da Kawunka tafiyarka, ya amsa da “Allah ya kiyaye hanya,” bai ƙara ba. In ka natsu, ka tura masa saƙon murya mai tsawo. Ka gaishe shi yadda ake gaisuwa, ka tambayi iyalinsa ɗaya bayan ɗaya, ka tambayi ruwa da ciyawa, ka tambayi jar saniyar nan da ya ce taka ce tun kana ƙarami. Kai ba ka yi masa komai ba, wataƙila ya amsa maka irin yadda yake yi da. In ya amsa, kada ka turo mini, ba ni ya yi wa ba. Ka dai gaya mini cewa ya yi.

Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya kare ka daga abin da kake gani da wanda ba ka gani, ya sa hannunka ya zama sanadin alheri ga mutanen da ba za ka taɓa haɗuwa da su ba. Allah ya jiƙan Dada, ya dawo mana da kai lafiya. Mahaifinka da ƙannenka suna gaishe ka. Na yafe maka duniya da lahira, Allah ya yi maka albarka.

Wassalam.

Mahaifiyarka,
Rabi